Awa Biyu da Fulogi a Hannun Baba Ƙugiya

Ƙarfe shida saura kwata yake jingine kekensa a bayan ɗakin janareto, ya gaisa da mai gadi, ya rataye jakar kayan aiki a kafaɗa. Daga nan ba ya zama, ko ruwa ba ya sha, sai ya gama zagaye. Wurin aikin nasa ƙaramar cibiyar wankin ƙoda ce: gadaje shida a wani dogon ɗaki, ofishin likita, sito, ɗakin jira a gaba, sai wani ɗan ƙuntataccen ɗaki a ƙarshen barandar baya da ake kira ɗakin ruwa. Duk inda aka soka fulogi a bango a cikin ginin nan, sai ya je ya ɗora masa bayan hannu, ya kuma kara hanci ya shinshina. In ya ji sanyi ya wuce. In kuwa ya ji ɗumi, to ranar akwai wanda zai sha tambayoyi.

Shi ne mai gyaran wutar wurin, shekara goma sha ɗaya ke nan, bayan ashirin da ya yi a wani babban asibiti. Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Kowa Baba Ƙugiya yake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. A saman kowane soket, tazarar kamu ɗaya, za ka ga ya kafa wata ƙatuwar ƙugiyar ƙarfe mummuna. Wayar injin sai ta fara hawa kan ƙugiyar ta rataya, sannan ta sauko da ɗan lanƙwasa sako-sako ta shiga fulogi. Nauyin waya duk yana kan ƙugiya, fulogi yana zaune abinsa ba abin da ke jan sa ƙasa. In sabon ma'aikaci ya tambaye shi dalili, amsar ɗaya ce kullum.

"Fulogi ba ɗan dako ba ne. Wuta aka ce ya ɗauko, ba a ce ya ɗauki waya ba. In ka bar masa nauyi zai karkata, in ya karkata zai yi zafi, in ya yi zafi bakin soket ya saki. Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi."

Mutum ne mai haƙuri, amma kada ka bari ya kama ka kana manne fulogi da salatif ko kana cusa masa tsinken ashana don ya kama. Babbar nas ɗin wurin, wadda kowa ke kira Sista, ta ce sau ɗaya ta taɓa yi, da abin cajin wayarta, kuma kwana uku yana gaishe ta da ka kawai. Matarsa kuwa cewa ta yi ta daina fita unguwa da shi. Ranar da suka je gaishe da surukan 'yarsu, ana tsakiyar gaisuwa ta waiga ba ta gan shi ba, can sai ta hango tafin ƙafarsa ya leƙo daga bayan firjin mutane. Ta ce kunya kamar ta nutse, shi ko ya fito yana karkaɗe gwiwa yana tambayar mai gidan ko akwai guduma.

Kai ne wanda aka yi ta yi wa dariya, Baba. Kai ne aka ce ka mayar da asibiti kamar shagon mahauci, ko'ina ƙugiya. Shekara goma sha ɗaya inji bai taɓa tsayawa a wurin nan saboda fulogi ba, kuma da yake bai taɓa tsayawa ba, ba wanda ya ga dalilin gode maka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wata Litinin, saura mako uku ya bar aiki. Ban ga komai da idona ba, ko da yake ina cikin ginin. Sista ce ta ba ni labari, da Gwaggo mai goge-goge, da mai gadi, sai ɗan abin da na tatsa daga bakinsa da ƙyar.

Masu duba asibitoci za su zo ranar, don haka Manaja ya rufe cibiyar daga Alhamis zuwa Lahadi a yi fenti. An raba marasa lafiya zuwa wasu wurare. Shi kuma Baba an ba shi kwanakin nan huɗu ya je ya bi takardun ritayarsa. Masu fenti suka zo suka tarar da bango cike da ƙugiyoyi, suka tambayi Manaja, Manaja ya ce a cire tarkacen nan, a toshe ramukan, a shafe. Ba da mugunta ya faɗa ba. Bango mai santsi yake so baƙi su gani, kuma masu fentin sun iya aikinsu, ko tabo ba su bari ba.

A cikin marasa lafiyan akwai ƙanwata, wadda muke kira Auta, mai 'ya'ya biyu. Ƙodojinta sun daina aiki shekara uku da suka wuce, Litinin da Alhamis take zuwa inji ya wanke mata jini ya cire ruwan da ya taru a jikinta. Inda aka tura ta ranar Alhamis aka ce gadaje sun cika, ta dawo Asabar. Asabar ma haka. Ranar Litinin da na ɗauko ta, kwana bakwai ke nan ba wanki. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ba ta iya kwanciya sai dai zaune, kuma kalma biyu ba ta haɗawa sai ta tsaya ta ja numfashi. Likita na ganin ta ya ce ruwa ya hau huhu, a ɗora ta yanzu. Ƙarfe tara aka ɗora ta a gado na uku, ni kuma aka ce in koma ɗakin jira. Na koma na zauna ina danna waya.

A safiyar nan Baba bai yi zagayensa ba, karo na farko tun da ya fara aiki a wurin. Tun a bakin ƙofa Manaja ya tare shi da tsani, wai a rataye sabon allon suna a gyara fitilun gaba kafin baƙi su iso. Ya ce a bari ya leƙa ciki tukuna, aka ce ciki lafiya lau yake, har ƙyalli yake yi. Sai tara da rabi ya sauko daga tsani. Ya shiga baranda yana goge hannu, ya ga bango fari tas, ya yi taku uku yana yaba aikin kafin ya gane abin da babu. Mai gadi ya ce bai taɓa ganin tsohon nan ya yi gudu ba sai ranar.

Bai nufi ɗakin marasa lafiya ba, don wayoyin can ba su da nauyi sosai. Ɗakin ruwa ya nufa. A nan babban injin tace ruwa yake, wanda duka injinan wanki shida ke sha daga gare shi. In ya tsaya, duka shidan sun daina wanki. Fuloginsa ya kai dunƙulen hannun ƙato, wayarsa kuma kaurin tiyon ban ruwa, kuma soket ɗinsa ne kaɗai a ginin da ke iya ɗaukar irin wutar da yake ja. Soket ɗin yana lungu, tsakanin tankin ruwa da bango, daidai ƙirjin mutum, sai ka shiga a kaikaice ka miƙa hannu kafin ka kai gare shi.

Tun daga ƙofa ya ji ƙaurin roba. Fulogin ya karkata, ƙafarsa ta sama ta fito rabi, wani ɗan tartsatsi shuɗi yana ƙyasƙyas a ciki, ƙarar injin kuma tana hawa tana sauka. Kwana huɗu waya tana rataye a wuyansa, tun bakwai na safe kuma wuta ke bi ta cikinsa a karkace. Baba ya zaro safar hannu ta roba daga aljihun baya, ya shuro wani katakon ɗora kaya da ƙafa ya hau kai, ya kutsa lungun, ya kama fulogin ya tura. Bai zauna ba. Ya ɗan ɗaga shi sama, ya karkato shi hagu, sai tartsatsin ya ɗauke, ƙarar injin ta daidaita. Ya sassauta hannu kaɗan don ya gwada, nan take ƙyasƙyas ɗin ya dawo.

Gwaggo ce ta fara iske shi, da bokiti a hannu. Ya ce ta kira Sista, Sista ta kira Likita.

"Baba, me ya faru?" in ji Likita daga bakin ƙofa.

"Soket ya ci wuta daga ciki, Likita. Bakinsa ya saki. Ni nake riƙe da shi."

"To a kashe a canza mana."

"Canzawa minti ashirin ce, ina da sabo a sito. Amma abin da zai biyo baya ka fi ni sani."

Likita ya sani. In injin nan ya mutu ana tsakiyar aiki, sai an mayar wa kowa jininsa an sauke shi, sai an ɗauraye bututai an gwada ruwan kafin a sake ɗora mutum. Abin da zai ci kusan awa biyu ke nan. Mutum biyar za su iya jira har yamma. Ta gado na uku, wadda rabin awa kacal ta samu, ba za ta iya ba, kuma babu inda za a kai ta da ke da gado.

"Awa nawa take bukata?" Baba ya tambaya, fuskarsa na kallon bango.

"Biyu. In da hali, biyu da rabi."

"Biyu zan iya cewa."

"Baba, ni ba zan sa ka wannan ba. In wani abu ya same ka fa?"

"Ba kai ka sa ni ba. Je ka wajen mara lafiyarka, ka bar min Gwaggo."

Aka gwada dabaru. Gwaggo ta hau kujera ta ɗaure wayar da bandeji a jikin wani bututu na sama, nauyin ya ragu, amma bakin soket ya riga ya lalace. Aka tokare fulogin da sandar mofa ta goge ƙasa, girgizar famfo ta zamar da ita kafin a ƙirga goma. Wuri ɗaya ne tak ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe a ciki, kuma wurin yana gusawa da girgiza. Sai hannun da ke jin ɗan zirrin nan a tafinsa yana bin sa yana gyarawa.

Babban makunnin ɗakin yana jikin bango kusa da ƙofa, taku huɗu daga inda yake. Ya ce Gwaggo ta tsaya nan ta ɗora hannu a kai.

"In kika ga na faɗi, ko kika yi min magana ban amsa ba, ki ja shi ƙasa. Kada ki taɓa ni, ko bakin rigata."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan da safiyar Allah?"

"Maimaita min abin da na ce."

Ta maimaita. Ya ce to ta yi ta yi masa hira, don ta riƙa jin yana amsawa. Gwaggon da ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, wadda ke iya tsayar da likita a baranda ta ba shi labarin maƙwabciyarta tun daga farko, ranar ta nemi magana ta rasa. Jikokinta ta shiga lissafa masa, wane yana aji kaza, wance ta fara tafiya. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Shi dai "uhm" yake cewa, wani lokaci ya ce "madalla".

Ɗakin ba taga, sai ƙofa. Kafin ƙarfe goma rigarsa ta manne da bayansa. Zufa na shiga masa ido, ba hannun gogewa, don hagun yana dafe da tanki kada ya zame daga kan katako. Shekararsa sittin da uku, kuma kafaɗar daman nan ta daɗe tana damun sa in gari ya yi sanyi. Ya ce abin da ya fi tsoro ba kafaɗar ba ce, zafin da ke ƙaruwa a tafin hannunsa ne. Ya san roba tana da iyaka, ya kuma san bai san daidai inda iyakar take ba. Ya sa aka kawo fanka aka saita ta a kan soket ɗin. Sista ta ce da ta kunna fankar, ba tare da ya waiga ba ya tambaye ta a ina ta jona, kuma wayar a sake take ko a miƙe.

Goma da kwata Gwaggo ta ga ruwa. Masu fenti sun matsar da tiyon da ke fitar da ruwan datti, ba su mayar da shi ya zauna daidai ba, yana ta ɗiga a bayan tanki tun safe. Yanzu ya taru ya fara malalowa a hankali, yana bin layin siminti ya nufi katakon da Baba ke tsaye a kai.

"Baba, ruwa."

"Na gani."

"Bari in ɗauko mofa."

"Kada ki ɗaga hannunki daga nan."

Ta ƙwala wa mai gadi kira, yana can gaba yana buɗe wa motar baƙi ƙofa. Sista ba ta iya barin gadaje shida. Gwaggo ta ce tana kallon ruwan ya taɓa ƙafar katakon, itacen ya fara canza launi yana sha, ita kuma mofa na jingine taku biyu daga gare ta.

Manaja ne ya shigo, cikin kwat da takalmi mai sheƙi, ya zo ya ce a rufe ƙofar ɗakin ruwa kafin baƙi su zagayo baya. Ya tsaya turus. Ya kalli tsohon da ke maƙale a lungu, ya kalli bandejin da ke riƙe da waya, ya ɗaga kai ya kalli bangon nan fari sumul a saman soket, inda ramin ƙugiya yake a da. Ba wanda ya yi masa bayani.

"Ranka ya daɗe, ƙofa ba za ta rufu ba, zafi zai yi yawa," in ji Baba. "Ga mofa can. Ta gefen ƙofa za ka ja ruwan, kada ka matso kusa da ni."

Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta: Manaja bai ɓata lokaci ba. Ya cire kwat ya rataye a ƙofa, ya ɗauki mofa. Ya fi awa yana jan ruwa yana matsewa a bokiti, baƙinsa na can ofis suna jiran sa. Da suka gaji suka biyo baranda suka leƙo, babban cikinsu ya buɗe baki zai yi tambaya, Gwaggo ta ce masa, "Malam, matsa, kana tare mana iska." Ya matsa.

Mai gadi ya zo daga baya, ƙato ne, ya ce Baba ya fito ya karɓe shi ko na minti goma ne. Baba ya ƙi. Safar hannu ɗaya ce, lungun ba ya ɗaukar mutum biyu, kuma kafin wani hannun ya gano wurin da ke kamawa inji ya mutu. Ya ce masa, "Ba ƙarfi ake nema ba, ɗana. Ji ake yi."

Sha ɗaya da 'yan mintoci hannun ya ɗaure. Jijiya ta kama shi tun daga yatsu har wuya, yatsun suka fara motsi da kansu. Gwaggo ta yi masa magana bai amsa ba. Ta sake.

"Baba. Baba Ƙugiya, ka amsa mini ko in ja."

"Tsaya," ya ce, ta tsakanin haƙora.

Ya saki tankin, ya kawo hagun ya ɗora a bayan daman don ya tallafa. Jikinsa ya ɗan goce a kan katako, fulogin ya gusa. Injin ya yi wani irin tari ya fara mutuwa. A ɗakin marasa lafiya injina shida suka ɗauki ƙara lokaci guda, jajayen fitilu suna walƙiya. Sista tana tsaye a kan Auta a lokacin. Ta ce Auta ta buɗe ido ta kalle ta, ba ta da numfashin tambaya, sai ta kama mata gefen riga. Sista ta ce mata ba komai, inji ne ke shirme, alhali ita kanta ƙirga daƙiƙu take a zuci.

A ɗakin ruwa Baba ya rufe ido. Ya ɗaga, bai kama ba. Ya karkato hagu, tartsatsi ya fito har Manaja ya ja da baya ya bugi bokiti. Ya ƙara ɗagawa kaɗan, ya danna da ƙirjinsa a bayan hannuwan biyu, sai ƙarar injin ta kama hanya ta miƙe. Bai kai ga mutuwa gaba ɗaya ba. Ɗaya bayan ɗaya ƙararrawar ɗakin marasa lafiya ta yi shiru. Sista ta ce ta ƙirga daƙiƙa bakwai, amma ba za ta rantse ba.

Daga nan haka ya tsaya, goshi a jikin bango, hannu biyu da ƙirji a kan fulogi. Gwaggo ta daina lissafin jikoki, sunansa kawai take kira duk bayan ɗan lokaci, shi kuma ya ce "ina nan". Ni a lokacin ina ɗakin jira, na ji ƙarar injinan daga nesa, na ɗaga kai, na ji ta tsaya, na koma kan wayata.

Sha ɗaya da rabi ta wuce da minti biyar Likita ya zo.

"Baba, awa biyu ta cika. Numfashinta ya sauka, ta kwanta da bayanta."

"Ya isa, ko kunyata kake ji?"

Likita ya ce, "Da zan samu kwata, da na fi samun natsuwa."

"Je ka ɗauki kwatarka."

Ya ɗauka. Sannan aka bi gadaje shida ana mayar wa kowa jininsa ana sauke shi, wannan ma ya ci wasu mintuna. Sha biyu daidai Sista ta zo da gudu ta ce an gama. Baba ya ce, "Gwaggo, ja." Ta ja makunnin ƙasa, ɗakin ya yi tsit, ita kuma ta sulale ta zauna a kan bokitin da aka kife ta fashe da kuka.

Shi bai fito ba. Hannun ya ƙi buɗewa. Sai da Sista ta zura hannu cikin lungun ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, da aka zo cire safar kuma sai da almakashi, don robar ta yi laushi ta manne da tafin hannun, fatar ta tashi. Mai gadi ya ja fulogin, ya fito tare da fuskar soket ɗin gaba ɗaya, ƙafarsa ɗaya baƙa ƙirin. Aka ɗaure masa hannu. Aka ce ya hau gado, ya ce gado na marasa lafiya ne, iska kawai yake so. Ya fito baranda ya zauna a ƙasa, ya jingina da sabon fenti, ya miƙe ƙafafu, hannun yana cikin rigarsa.

A nan na same shi. An kira ni in fitar da Auta, kuma hanyar keken marasa lafiya ta barandar baya take bi. Ina tura ta, raina a ɓace da kwana bakwai na wahala da kuma wankin da aka ce an taƙaita ba a gaya min dalili ba, sai ga wani tsoho jiƙe da zufa ya baje ƙafafu a hanya. Ban yi masa sallama ba. Na ce, "Malam, janye ƙafarka mana. Nan wurin kwanciya ne?"

Ya ce, "Yi haƙuri." Ya janye su da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, muka wuce.

Sai bayan mako uku na sani, ranar da na tarar ana ɗan taron sallamarsa a ɗakin jira, na tambayi Sista wa ake sallama. Ta kalle ni ta ce, "Au, ba ka sani ba?" Ta zaunar da ni a benci ta faɗa min. Ban iya shiga taron ba. Washegari na nemi kwatancen gidansa na tafi, ina ta tsara kalaman ban haƙuri a hanya.

Na same shi a ƙofar gida yana koya wa hannun hagu riƙe filaya. Na yi sallama na miƙa masa hannu. Ya miƙo daman, yatsu biyu na ƙarshe a lanƙwashe, ba sa miƙewa ba sa kamawa. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Ka gafarce ni, ɗana, ban riƙe ka da kyau ba. Hannun ne bai gama sakewa ba."

Duk abin da na tsara ya gudu. Na ce masa ni ne yayan ta gado na uku, ni ne kuma na ce ya janye ƙafa. Maganar ƙafar bai ma tuna ta ba. Ya tambaye ni jikin nata, ya tambayi 'ya'yanta, ya ce matarsa ta kawo min ruwa.

Baba, a gabanka na kasa faɗa, shi ya sa nake faɗa a gaban jama'a. Kai ne ka tsaya tsakanin ƙanwata da abin da ba na son ambata, da hannu ɗaya da tsohuwar safa, ba ka ma san sunanta ba. Na gode. 'Ya'yanta sun gode, ko da yake ƙaramin bai kai ya gane ba tukuna. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya sa ka huta hutun da ka daɗe da cancanta. Masu aikin hannu da ke tasowa, ga wanda za ku kalla: ya yi ƙaramin aiki kullum kamar rai ya rataya a kansa, har ranar da ran ya rataya da gaske. Mu kuma da ake yi wa aikin, in mun tarar da ma'aikaci zaune a ƙasa ya gaji, mu fara ce masa sannu.

Ni ban ce ba a ranar, Baba. Sannu da aiki.